Anti Anya da Wayar Ofis

A kamfanin rarraba kayan famfo da ke bayan tashar mota, tebur na farko da mutum zai tarar idan ya shiga shi ne na sakatariya, kuma a nan tafiyar yawancin mutane take ƙarewa. Mace ce gajera mai ɗan jiki, ta ba hamsin baya, kullum da gilashi rataye a wuya. Ma'aikata suna ce mata Anti a gabanta, in ta juya baya su ƙara da Anya, saboda ba a taɓa ba ta labari ta karɓa hannu bibbiyu ba. Ka ce mata za a yi ƙarin albashi, ta ce, "Anya?" Ka ce mata matarka ta sauka lafiya, ta yi maka barka, sannan ta tambaya ko ka duba yatsun jaririn sun cika. Direban kamfanin ya taɓa rantsewa cewa ko rana aka ce mata ta fito, sai ta leƙa taga.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Tana budurwa ta koyi buga tafireta, ta sami aiki a ofishin wani lauya, kuma duk layin an san saurin hannunta. Wata rana maigidan ya kira ta, fuska cike da fara'a, ya ce zai tura ta kwas na 'yan watanni ta ƙaro ilimi, shi zai ɗauki nauyi. Ta yi godiya har da durƙusawa. Ta dawo da takardar shaida a cikin leda, ta tarar da ƙanwar matarsa a kan kujerarta, har an canza labulen taga. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mata hannu ɗaya da fara'a sai ta duba ina ya ajiye ɗayan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Da ta sami wannan aikin na yanzu, Manaja yana matashi, gashinsa baƙi wuluk, kamfanin kuma ɗaki biyu ne da sito. Tare suka manyanta, shi a ciki, ita a bakin ƙofa. Tana kan kujerar nan mijinta ya rasu, tana kanta ta aurar da manyan 'ya'yanta, har kujerar ta lotsa daidai jikinta, in wani ya zauna sai ya karkace. A gabanta akwai kwamfuta wadda take taɓawa da yatsa biyu kamar mai gudun ƙuna, da furen roba da take wanke wa ƙura duk farkon mako, sai kuma waya. Wayar ita ce aikin. Babba ce, ruwan toka, da jerin maɓallai a gefe, kowanne na ɗakin wani: na Akanta, na mai kula da sito, na masu talla, da na Manaja a can ƙasa, wanda ta liƙa wa jan tef. Duk wanda ya kira kamfanin daga waje a kunnenta zai fara sauka, ita za ta danna ta haɗa shi, ko ta ƙi.

Tun daga sallama take gane mutum. Mai sayen kaya ba ya doguwar gaisuwa. Mai ƙorafi numfashinsa ke riga shi isowa. Wanda ya tambayi lafiyar yaranta alhali bai san ko tana da su ba, wannan roƙo ne ya kawo shi. Tana da amsoshin da ta tanada wa kowa: "Yana mitin," "Ya ɗan fita," da kuma "Bari in duba," wanda ma'anarsa ka haƙura. Manaja kan ce in ba don ita ba da tuni hawan jini ya kwantar da shi. Ita kuwa ba ta ɗauki wannan a yabo ba, ta ce wataƙila shiri yake ya hana ta hutun shekara.

To, sai gari ya canza. Aka ja sabuwar hanya ta bayan gari, filayen da ake zubar da shara suka koma manya-manyan sito masu shuɗin rufi, kamfanoni suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe rediyo sai ya ce ayyukan ofis sun ƙaru a yankin, ana neman akantoci da masu kula da kaya da masu karɓar baƙi, albashi kuma ya ɗaga. Kowane bene a kasuwa ya rataya ƙyalle: a zo a koyi kwamfuta, a zo a koyi lissafin kasuwanci, a zo a koyi gudanar da ofis. Anti takan murɗe rediyon ta dubi Direba.

"Wanda zai ninka maka albashi, aikin mutum uku zai ɗora maka. Ka sa ido ka gani."

"Anti, ni dai a ɗora mini," in ji Direba. "Wuyana na ƙarfe ne."

Ta wayarta abin ya shigo ofishinsu, kuma wannan ne ta kasa yafe wa kanta. Wata safiya wani mutum mai ladabi ya kira ya nemi Akanta. Muryar ba ta roƙo ba ce, ba ta ƙorafi ba, sai ta danna ta haɗa. Kafin wata ya mutu Akanta ya ajiye aiki ya koma wani sabon kamfani, har da mota aka ba shi. Mai kula da sito ya bi bayansa, shi ma ta wayarta aka yi zawarcinsa. Ran da na biyun ya tafi, Manaja ya fito ya tsaya gaban teburinta yana share wuya da hankici.

"Anti, mutanen nan za su kwashe mu har tsintsiya. Daga yau duk wanda ya kira daga sababbin kamfanonin nan yana neman ma'aikacina, kada ki haɗa."

"Ko ba ka faɗa ba, yallaɓai," in ji ta. "A gaban idona aka wuce da biyu. Na uku sai dai ta taga."

A gida kuma tana da wani yaƙin. Autarta ce kaɗai ta rage a gabanta, doguwar yarinya mai saurin dariya, wadda ta gama makaranta ta zauna tana jiran aikin da ba ya zuwa. Halin uwar ko kaɗan bai shafe ta ba. A wurin Auta kowa mutumin kirki ne sai ya nuna ba haka ba, in ma ya nuna sai ta nema masa uzuri. Ran da ta ce tana son shiga ɗaya daga cikin cibiyoyin koyon aikin ofis, uwar ta ajiye cokali.

"Kwas? Ni za a gaya wa kwas?"

"Mama, naki daban ne. Ni ba wanda ya tura ni, ba ni kuma da kujerar da za a ƙwace."

"Waɗannan na saman bene? Gobe sai ki je ki tarar da kwaɗo a ƙofa, ƙyallen ma sun naɗe sun tafi da shi."

Sai da yayyen Auta suka sa baki sannan Anti ta yarda, da sharaɗin sai ta gani da idonta. Ta hau benen tana haki, ta ƙi kujerar da aka ba ta, ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana dafa bayansu ta ji ko da ɗumi, don ta ji an ce wasu ƙwanson banza suke jerawa. Ta tambayi malamin a ina ya yi karatu, ta sauko ta tambayi mai shagon ƙasa tun yaushe suke haya. Auta ta ce ranar ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba a sami abin kamawa ba, wannan ma ya dami Anti, ta ce wanda bai bar ko ɗan abin kamawa ba ya saba ɓoyewa ne.

Auta ta yi karatun, ta kuma iya. Da lokacin aikin gwaji ya zo, wato lokacin da cibiyar ke tura ɗalibai wani ofis su taɓa aiki da hannunsu, uwar ta ce ba inda za ta sai gefen teburinta. Manaja ya amince. Cikin 'yan makonni yarinyar ta zuba kayan sito kaf a kwamfuta, daga manyan bututu har ƙananan kawunan famfo, Manaja ya yi ta yabonta a gaban kowa. Amma ɗaukar ta aiki ba ya hannunsa, shi da kansa ya faɗa, don masu kamfanin sun riga sun cike guraben biyu da 'yan'uwansu.

Ga abin da Anti ba ta sani ba. Auta ta nemi aiki a wani kamfanin adana kaya da sufuri a kan sabuwar hanya, matsayin mataimakiyar ofis, da albashin da uwarta ba ta taɓa riƙewa ba. An yi mata intabiyu ta ci, aka ce saura abu ɗaya: wani babba da ya ga aikinta ya yi mata shaida. Ranar da uwar ta je asibiti a duba idonta, Auta ta shiga wurin Manaja ta roƙe shi.

"Amma Baba, don Allah kada Mama ta ji sai abin ya tabbata. In ta ji, zuwa za ta yi ta dafa bayan kwamfutocinsu."

Manaja ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce ta ba da sunansa, duk wanda ya kira zai gaya masa gaskiya, daga nan harkokinsa suka sha masa kai. Su kuwa mutanen sabon kamfanin su ma an sha cutarsu: masu neman aiki kan ba su lambar aboki ko ta kawu a ce manaja ne. Saboda haka suka kafa doka, ba sa kiran mai shaida a wayarsa ta hannu sai ta layin ofishinsa, kuma ba sa gaya wa kowa sunan mai neman aikin sai shi mai shaidar. Layin ofishin Manaja kuwa a teburin Anti yake ƙara.

Kiran farko ya zo da hantsi. Mace ce, muryarta sanyi-sanyi. Ta yi sallama, ta faɗi sunan kamfaninsu ba ɓoye-ɓoye, ta ce daga sashen ɗaukar ma'aikata take, tana son magana da Manaja. Yatsan Anti ya riga ya kai kan maɓalli mai jan tef, ta janye shi.

"A kan me?"

"Maganar ɗaukar aiki ce, malama, amma da shi kaɗai zan iya yi."

"Yana mitin."

"To bari in bar lambata, don Allah ki ce ya kira ni."

"To," in ji Anti, ko biro ba ta ɗauka ba.

Ta ajiye wayar. An ɗauke Akanta, an ɗauke mai sito, yanzu ginshiƙin gidan ake son cirewa. Ta san a kan ma'aikatansa Manaja ya yi doka, bai ce a tare nasa kiran ba. Ai dole ya bar wa kansa ƙofa, in ji zuciyarta. Ta shiga tuna abubuwa, kowanne kuma ya zauna daram. Sabon takalmin da ya fara sawa. Yadda yake tura ƙofa in wayarsa ta hannu ta yi ƙara. Ran nan ma ya tambaye ta wace shekara aka ba shi manaja, wai ya manta, alhali mutum ba ya neman shekarar nan sai in zai rubuta ta a wani wuri. Da ta kai masa shayi sai ta ɗan bugi cikinsa.

"Yallaɓai, ka ji abin da suke biyan manajoji a can kuwa?"

"Na ji, Anti. Har mafarkinsa na yi," in ji shi yana dariya.

Ta fito da faranti a hannu tana gyaɗa kai. Biri ya yi kama da mutum.

Kuma ba kishin kamfani ne kaɗai ya tayar mata da hankali ba, gaskiya ɗaya ce. Tsoro take ji. In Manaja ya tafi, sabon da za a kawo da sakatariyarsa zai zo, yarinya mai yatsa goma a kan kwamfuta. Ita wa zai ɗauke ta da waɗannan shekarun? Duk ƙyallayen nan da ke neman ma'aikata, babu wanda ya ce ana neman mai gane mutum daga sallamarsa. Saura mata 'yan shekaru ta yi ritaya da mutuncinta, ga Auta a gida ba aiki. Ta ƙudurta cewa kiran nan ba zai wuce teburinta ba.

Matar ta sake kira, ta kuma sakewa. Yau ya fita, gobe layinsa ya lalace, jibi ya yi tafiya, wanda wannan ma gaskiya ne. Ko sau ɗaya matar ba ta ɗaga murya ba, abin da ya ƙara tabbatar wa Anti cewa ƙwararriya ce a satar mutane. Wata rana ma Manaja yana tsaye a gefenta yana laluben mabuɗin mota aka kira, ta ce, "Ba ma buƙata, mun gode," ta kife. Ya ce su wa ye, ta ce masu tallan inshora ne.

A gida Auta ta koma wata iri. Waya ba ta barin hannunta, ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta a kan taga. In ta yi ƙara sai ta zabura, ta duba, ta ajiye ta, jiki a sanyaye. Abinci kuwa sai tsakura. Anti ta kalli wannan ta fassara shi nan take.

"Ɗan gidan waye?"

"Wa, Mama?"

"Wanda ya hana ki cin abinci. In malamin nan naku ne mai yawan turare, tun wuri ki cire shi a ranki. Tun ranar na ga idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Auta ta yi dariyar dole. "Ba kowa, Mama. Wani abin alheri nake jira. In ya zo ke za ki fara ji."

"Alherin da ake ɓoye wa uwa? Anya?"

Ana cikin haka kamfanin suka gaya wa Auta cewa sun kasa samun mai shaidarta. Ta kira Manaja a ruɗe. Ya ce ta kwantar da hankalinta, tafiya ya yi, yanzu ya dawo, ta ce musu su sake kira. Ya ce ko ya ɗan sanar da Anti ta sa kunne, Auta ta ce don Allah a'a. "Ba komai," in ji shi. "Uwarki ba ta taɓa hana ni kiran da nake buƙata ba."

Kira na ƙarshe ya zo da yamma, ofis ya yi shiru sai ƙarar fanka.

"Malama, ki yi haƙuri da nacina," in ji matar. "An tabbatar mana yana gari. Mu kuma lokaci ya ƙure mana, yau za mu rufe maganar. Kin kuwa isar masa da saƙona?"

An tabbatar musu yana gari! Wato suna da ɗan leƙen asiri a cikin ofishin nan, ko kuma shi da kansa ne ya aika musu. Ran Anti ya ɓaci. Ta ga "yana mitin" ba zai kashe wannan wutar ba, sai an zuba mata ruwa gaba ɗaya. Ta gyara zama.

"Na isar. Ya ce a gaya muku ba ruwansa da maganar nan. Bai san wanda ya ba ku sunansa ba, kuma kada a sake sa shi a ciki."

Sai matar ta ce:

"Haka ya ce?"

"Da bakinsa."

"To, mun gode. Wannan ma amsa ce."

Anti ta ajiye waya ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka. Har lemo ta saya wa Direba, ya leƙa waje ya ce lallai yau za a yi ruwa.

Washegari da ta dawo daga aiki, rana ba ta faɗi ba, ta tarar da ƙofar falo a buɗe, ba a ɗora girki ba. Auta na zaune a ƙasa ta jingina da kujera, idanunta sun kumbura, wayar tana yashe a gefe.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Mama, aiki na nema," in ji Auta, muryarta a dishe. "Na ci intabiyu, ni ce ta ɗaya, su suka faɗa. Saura shaida kawai. Na ba da sunan Baba Manaja, da izininsa, wallahi da izininsa, har dariya ya yi. Ɗazu suka kira ni. Wai ya ce bai san wanda ya ba da sunansa ba, kada a sake sa shi a ciki. Sun ba wadda take bi na."

Anti tana tsaye da jaka a kafaɗa. Kalmomin suka shiga kunnenta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta san ta, don daga bakinta suka fito.

"Wane kamfani ne?"

Auta ta faɗi sunan. Anti ta lalubi hannun kujera ta zauna.

"Kin yi gaskiya, Mama," in ji Auta tana share hanci da gefen mayafi. "Duk abin da kike faɗa gaskiya ne. Mutumin da nake ce wa Baba! Ya kalli tsabar idona ya yi dariya. Ni ce sakarya. Daga yau ban ƙara yarda da kowa."

Shekara da shekaru Anti take jiran ranar da yarinyar nan za ta ce mata ta yi gaskiya. Ga ranar ta zo, kuma ba ta taɓa jin magana mai ɗaci kamarta ba. Hanyar tsira a buɗe take: ta yi shiru, laifi ya zauna a kan Manaja, Auta ba za ta taɓa tunkararsa ba saboda kunya. Ta tashi ta ɗora ruwan zafi ba tare da ta ce uffan ba. Tsoron 'yarta take ji, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Da safe ba ta ko ajiye jaka a teburinta ba, ta wuce ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja. Ta tsaya a gabansa ta zayyana masa tun daga kiran farko har na ƙarshe, ba ta rage komai ba, har da abin da ta zarge shi da shi. Ya jingina da kujera ya dube ta.

"Ni za su ɗauka? Haba Anti, da wannan furfurar?"

"Yallaɓai, ka kira su. Don girman Allah ka kira su yanzu."

Ita ta danna lambar, don tana cikin kanta ko da yake ba ta taɓa rubuta ta ba. Manaja ya yi bayani dalla-dalla, ya ce kuskure ne daga ofishinsa, ya yabi Auta yabon da uwarta ba ta taɓa yi mata ba. Matar mai sanyin murya ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce abin bai yi mata daɗi ba, amma an riga an ba wata, har ta karɓa. Za su ajiye sunan Auta ko gurbi zai sake buɗuwa. Yaushe? Ba ta sani ba. Ta ƙara da cewa, gaskiya, ofishin da ya ba da amsa iri biyu a kan mutum ɗaya, sai shugabanninta sun yi nazari kafin su yarda da shaidarsa.

Manaja ya ajiye waya a hankali.

"Ban kore ki ba, Anti, ba kuma zan kore ki ba. Amma laifin nan ba zan ɗauka ba. Yarinyar nan Baba take ce mini. Ko ki gaya mata yau, ko gobe in zo gidan da kaina."

Ranar duk wanda ya kira kamfanin ya sha mamaki, haɗa shi kawai ake yi ba tambaya. Direba ya leƙo zai yi tsokana, ya ga fuskarta, ya koma da baya.

Ta tashi daga aiki da wuri. Ta tarar da Auta a ɗaki, akwati a buɗe a kan gado, tana ninke kayan da ta ɗinka a ɓoye don fara aiki tana mayarwa ciki. Anti ba ta zauna ba. Daga bakin ƙofa ta tsaya ta faɗa mata, a taƙaice, don ta san in ta tsawaita za ta fara kare kanta. Auta ta tsaya cak da riga a hannu.

"Ke ce?"

"Ni ce. Shi ko labari bai ji ba. Na zaci shi suke son ɗaukewa. Wallahi ban san ke ba ce, ba su faɗi suna ba. Ke ma da kin gaya mini..."

"Da na gaya miki," in ji Auta a hankali.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da Anti ta fi samun sauƙi. Ta shimfiɗa rigar a kan gado, ta shafe ta da tafin hannu, sannan ta ɗago.

"Mama, tambaya ɗaya zan yi, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da matar ta ce miki ni ce, da ta ce 'yarki za mu ɗauka a kamfanin nan na sabuwar hanya, da kin haɗa ta?"

Amsar tana bakin Anti, gajeriya, kowace uwa ta san ta. Amma sai ta ga kanta riƙe da wayar, yatsanta a kan maɓallin, tana cewa bari in fara jin ko su waye tukuna, bari in tambaya a gari, gobe ma rana ce. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka tana wannan tunanin ba. Auta dai ta jira ta, ta ƙara jira, sannan ta sunkuya ta ci gaba da ninke kayan.